Kwanon Gyaɗar Kawu da Akwatin Yaya Rabi

Ku yaran da kuke zuwa ƙofar shagonmu bayan an tashi daga makaranta, kuna leƙe kuna cewa ai naɗin taransifoma ba wani aiki ba ne, zare ne kawai ake naɗawa kamar na masu ɗinkin hula, ku matso ku ji. Ni na tsufa a wannan sana'a. Shekarata goma sha bakwai, biyar daga ciki a gindin injin naɗi na yi su, kuma idan da ciwon baya ake auna shekaru, na girmi limamin unguwarmu. Sunana Sagiru. Shagon na Kawu Ɗanjuma ne, wan mahaifiyata. Yana nan Karaye a bakin hanyar Rogo, inda za ku ga tsofaffin tankuna jere a rana kamar shanun da aka kai kasuwa ba su yi farin jini ba.

Aikin farko da aka ba ni shi ne shara. Shekara guda cur ina share gutsattsarin waya, har tsintsiyar ta san ni, in na yi latti ita ma ba ta aiki. Daga nan aka ƙara mini girma zuwa goge ƙarfe. Ku da kuke ganin taransifoma a kan turke kamar babban tulu mai haƙarƙari, ba ku san abin da ke cikinta ba. Ƙarfen ciki ba dunƙulalle ba ne. Falle-falle ne, sirara kamar takarda, ɗaruruwa, an jera su sun tashi ƙafa uku. A kan kowace ƙafa an naɗa waya iri biyu. Akwai mai kauri, zagayenta kaɗan ne, ita ke ba gari wuta. Akwai siririya, zagayenta ya haura dubu, ita ke karɓar babbar wutar da ke tafe a saman turaku. Duk an nutsar da su cikin mai. Kowane falle kuma bakinsa ya fi aska. Ranar da na fara goge su na yanke a yatsu tara. Kawu ya duba na goman ya ce, "Wannan shi ne malalacin."

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai injin naɗi mai hannu, wanda in ka juya shi wuni guda kafaɗarka ta dama sai ta fi ta hagu tsawo. Akwai sarƙar ɗaga kaya, wadda ke maƙalewa daidai lokacin da ƙafarka ke ƙarƙashin tanki. Akwai takardar da muke shimfiɗawa tsakanin sahun waya da sahu, akwai tandar busar da naɗi, akwai sufana mai lamba sha bakwai da kullum ake nema kullum tana aljihun wanda ke faɗa. Akwai ƙananan ƙwayayen fitila uku na gwaji. Sai kuma kwanon sha ɗaya na silba, wanda ba a shan ruwa da shi. Da shi ake ƙirga.

Wata taransifoma da aka kawo mana daga wajen wani gari da ake kira Turawa ita ta koya mini halin masu kawo aiki. Dattawa huɗu suka rako ta kamar gawa. Bayan an gaisa, an tambayi gida da iyali da damina da gajiyar hanya, Kawu ya ce, "Me kuka ɗora mata?"

"Ƙwan fitila kawai, Malam Ɗanjuma. Sai cajin waya."

"To me ya faru?"

"Haka kawai ta yi ƙara."

Da muka je mayar da ita muka tarar da injin niƙa huɗu, da mai walda, da mai ƙanƙara, da wata waya da ta bi ta kan bishiyar ɗorawa ta tsallaka gona ta nufi wani ƙauye da ba ya cikin maganar. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce mu muka ƙona ta ba. Kullum haka kawai ne. In hadari ya taɓa giftawa a watan, to tsawa ce.

Muguwar shekararmu kuwa ba irin ta manoma ba ce. Shekarar da wuta ta yi yaji ce, ta yi watanni ba ta leƙo ba. Abin da ba a kunna ba ba ya ƙonewa, abin da bai ƙone ba kuma ba a kawo mana shi. Taransifomomin ƙasar Karaye da Rogo suka samu lafiyar da ba su taɓa samu ba, kurciyoyi suka yi sheƙa a kansu. Muka koma naɗin fanka da injin ban-ruwa na masu noman rani. Kawu, mutumin da ake kira daga Rogo Ruma a aiko masa da mota, aka wayi gari yana gyaran tocila. Da kunnena na ji ya kalli hadari ya ce, "Allah ya sa da tsawa," sannan ya yi istigfari sau uku.

A ƙarshen wannan shekarar Yaya Rabi ta dawo daga jami'a a Kano. Ita ce 'yar farin Kawu, don haka ba ya kama sunanta, sai dai ya ce Injiniya, kuma daga yadda ya ja kalmar ake gane ko yabo ne ko ba'a. Ta dawo da kwamfuta da wani baƙin akwati da bai fi girman kwalin sukari biyu ba, wayoyi na fita daga cikinsa ta ko'ina. Ta ce a ba ta kusurwa ɗaya a shago.

"Mene ne a ciki?" in ji Kawu.

"Taransifoma, Baba."

Kawu ya ɗaga akwatin da hannu ɗaya, ya girgiza shi a kunne. "Ta rame."

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta buɗe kwamfutar ta nuna masa zanen ƙarfen ciki, ƙafa uku, an yayyanka shi ƙanana-ƙanana, kusurwa uku-uku, kamar awara a faranti. Ta ce, "Maganaɗisun da ke yawo cikin ƙarfe ba wanda zai iya lissafa shi gaba ɗaya. Amma ɗan yanki ɗaya ba wuya. Kowane yanki ya lissafa nasa, ya tambayi maƙwabtansa me suka samu, su daidaita. In aka haɗa, sai ka ga inda ƙarfe ya cika da inda yake da sauran wuri."

"To kwamfutar ba ta isa ba, sai da akwati?"

"Kwamfuta manomi ɗaya ce, Baba. Yanki-yanki take bi. Kafin ta gama lissafin abin da ya faru cikin ƙiftawar ido, na ci abinci na yi la'asar. Akwatin nan gayya ce, kowa da kunyarsa, duk a lokaci guda. In daƙiƙa ɗaya ta wuce a waje, daƙiƙa ɗaya ce ta wuce a ciki. Shi ya sa zan iya jona masa abin katse wuta na gaskiya, shi kuma zai ɗauka taransifoma ta gaske ce. In ɗora mata lodi, in jefa mata tsawa, mu ga ko zai katse kan lokaci."

Kawu ya ce, "Taransifomar da ba ta kuka, ba ta zafi, ba ta wari. Wannan ko Sagiru ya iya gyara ta."

Amma ya ba ta kusurwar. Ni kuwa na samu abin wasa. In Yaya ta shiga gida sai in zauna in murza maɓallin lodi, ina kallon zanen ƙarfen a kwamfuta yana tashi daga kore zuwa ruwan ɗorawa zuwa ja. Rana ɗaya na ƙona taransifoma sau talatin tsakanin azahar da la'asar, babu dattijon da ya zo ya ce haka kawai ta yi ƙara.

Aikin da nake so in ba ku labari na Alhaji Tanimu ne, mai injin casar shinkafa da matsar man gyaɗa a wajen Zoza. Taransifomar tasa ce ta kansa. Ta ƙone ana tsakiyar kaka, buhuna sun taru a ƙofar injin, mata na zuwa da kwarya suna komawa da ita. Da muka zare ta daga tanki muka ga ƙafa biyu lafiya lau, siririyar wayar ƙafar tsakiya ce ta toye. Alhaji ya ce ranar Alhamis zai zo da mota. Ya kuma ajiye wa Kawu tsarabar gyaɗa soyayya a leda, irin wadda aka soya da yashi, ɓawon na fita da kansa.

Ga abin da ba ku sani ba. Kafin a naɗa sabuwar waya sai an warware tsohuwar an ƙirga zagayenta, domin adadin da maƙerin farko ya sa shi za a mayar, ba ƙari ba ragi. Kawu ba ya yarda da takarda, ya ce mai na cinye rubutu. Ba ya yarda da ɗan agogon ƙirga na jikin inji, ya ce in aka koma baya sai ya rikice. Yadda maigidansa ya koya masa shi ne: duk zagaye ashirin, a jefa gyaɗa ɗaya a kwano. In an gama sai a ƙirga gyaɗa. Yana da gyaɗar ƙirga ta musamman, tsohuwa, ta sha mai ta yi baƙi, ko akuya ba ta kallon ta. Amma a muguwar shekara ɓeraye sun cinye ta, don su ma shekarar ba ta yi musu kyau ba. Sai Kawu ya zuba tsarabar Alhaji a aljihu.

Ina juya inji, Kawu na jan ƙonanniyar waya yana ƙirga a ƙasan maƙoshi, can sai ka ji ƙwal a kwano. Tun hantsi muke yi. Muna kai zagaye na ƙarshe aka kira azahar. Kawu ya ce, "Sai mun dawo ma ƙirga. Ja ƙofa ka biyo ni." Ya tafi da sauran gyaɗar a aljihunsa, ya bar ni da kwano.

Ban karya kumallo ba ranar. Wannan ba hujja ba ce, amma ku rubuta. Na ce a raina zan ci biyar, in mayar da biyar, lissafi bai taɓu ba. Na ci ɗaya ina ƙirgawa, na ci biyu, na ci uku. Sai wani mai babur ya faɗi da buhun barkono a gaban shago, na tsaya kallo da kwano a hannu. Da aka gama ɗaga shi na ce, to, biyar ke nan. Na leƙa wajen Inna Hajo mai gyaɗa a gefenmu na roƙi guda biyar.

"Biyar? Yau kuma gyaɗa ƙirga ta ake yi?"

"A shagonmu haka ake yi, Inna."

Na jefa su a kwano, na tafi masallaci da zuciya fes.

Da muka dawo Kawu ya ƙirga ya samu saba'in da tara. Ya rubuta a bango da alli: zagaye dubu ɗaya da ɗari biyar da tamanin. Kwana uku muna naɗi. Da aka gama, naɗin ya ɗan fi 'yan'uwansa biyu sirantaka. Kawu ya zagaya shi ya ce masu yin waya na yanzu ba su da tsoron Allah. Muka sa shi a tanda ya bushe.

Ranar Laraba Yaya Rabi ta ce za ta gwada abin katse wutar Alhaji a akwati kafin a tafi. Tun ranar farko ta riga ta auna ƙarfen da awo, faɗi da tsawo da kauri, ta zana shi ta yayyanka. Adadin zagaye kawai ya rage, ta kwafa daga bango. Ta kunna. Ba ta ma ɗora lodi ba ƙarfen ya yi jawur, jan ya tsallaka har bangon tanki, abin katse wutar ya ce ƙas. Ta sake, ya sake. Sau uku.

"Baba, adadin nan bai ishi ƙarfen nan ba."

Kawu bai juyo ba. "Wane adadi?"

"Na bango. In zagaye ya yi kaɗan, maganaɗisu na yi wa ƙarfe yawa. Kamar fangalin da aka sakar wa ruwa fiye da cikinsa, sai ya ɓalle ta gefe. Zai fita ya bi jikin tanki ya dafa mai. Wanda ya ƙera ta ba zai sa wannan adadin ba."

"Wanda ya ƙera ta ya sa abin da na ƙirga."

Ya sa aka jona ƙaramar wuta, aka maƙala ƙwayayen gwaji uku. Duk suka kama. Na tsakiya ya ɗan fi haske.

"Ka gani, Baba."

"Sabon naɗi ne. Ko ke in kika sa sabon zane kin fi haske."

"To bari in sa mita in auna ƙafafun uku. Ba zai ɗauki lokaci ba."

Nan Kawu ya juyo. "Mita a kan ƙirgata, Injiniya? Tun ba a haife ki ba nake ƙirga da gyaɗa. Gyaɗa ba ta da batir balle ya mutu."

Ni ina can gefe ina goge sufanar da ba ta da datti. Ya kamata ku san wani abu game da Kawu. Yana yafe latti, yana yafe fasa kaya, ya taɓa yafe wa wani da ya saki tanki a kan babur ɗinsa. Abu ɗaya ne ba ya yafewa: a taɓa ƙirga. Kafin ni akwai wani almajirinsa na sana'a da ya ce ya naɗa sahu goma sha biyu alhali sha ɗaya ya yi. Ko takalminsa sai aika masa aka yi. Ni kuma in aka kore ni, gonar mahaifina zan koma, ni da in na ja kunya sai ta fita kamar sawun maciji. Don haka na riƙe bakina, na ce ai biyar na ci biyar na mayar, akwati ne bai san Karaye ba.

Alhamis da hantsi Alhaji Tanimu ya iso da mota da majiya ƙarfi huɗu. Aka gaisa har aka gaji. Yaya ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, cikin ladabi, ita a ganinta kada a rufe taransifomar yau.

Alhaji ya kalli Kawu. "Malam Ɗanjuma, da matsala ne?"

"Babu. Akwati ne ya yi mafarki."

Alhaji ya yi murmushi irin na manya. "'Yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Amma shinkafar mutane ba a kwamfuta take ba, tana ƙofar injina tana shan raɓa. Mahaifinki ya yi mini aiki tun kina goye."

Kawu ya ce, "Sagiru, kawo mazurari a zuba mai." Sannan, ba tare da ya kalle ta ba, "Injiniya, in an gama ki kai akwatin nan ɗakin mahaifiyarki, ta samu abin ɗora fitila."

Yaya ta miƙe. Ta koma kusurwarta ta fara zare wayoyi ɗaya-ɗaya tana naɗe su a hannu.

Ina riƙe da mazurari na yi lissafin da ban yi ba ranar gyaɗa. In na yi shiru, taransifoma za ta je Zoza ta yi sati biyu ko uku ta ƙone, a ce tsawa ce ko haka kawai. Babu mai tuna ni. Har ma aiki ya dawo mana. To amma in ta dawo, me za mu yi? Za mu warware naɗin mu ƙirga, mu samu dubu ɗaya da ɗari biyar da tamanin cif, Kawu ya ce kun gani, mu sake naɗa shi haka. Ta sake ƙonewa. Mu sake ƙirgawa. Haka za mu yi ta mayar da kuskurena har in yi furfura, kuma ni ne mai juya inji.

Na ajiye mazurari. "Kawu."

"Zuba mana."

"Kawu, na ci."

"Ka ci me?"

"Gyaɗar kwano. Ranar da muka warware. Kafin in biyo ka masallaci."

Ɗaya daga cikin majiya ƙarfin ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari. Na jira mari, har na zaɓi kuncin da zan miƙa. Kawu bai ɗaga hannu ba. Bai tambaye ni dalili ba.

"Nawa?"

"Biyar na ƙirga. Kuma na mayar da biyar, Inna Hajo shaida ce."

"Ban tambaye ka nawa ka ƙirga ba. Nawa ka ci?"

"Wani mai babur ne ya faɗi, Kawu."

Ya daɗe yana kallon rubutun allin da ke bango. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Sannan ya juya wajen kusurwa.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Mayar da wayoyin nan. Tambayi akwatinki nawa ya ci."

Ta jona. Muka taru a bayanta, har da Alhaji da majiya ƙarfi. Ta ce za ta riƙa ƙara zagaye ashirin-ashirin. Duk ƙari ɗaya sai Kawu ya lanƙwasa yatsa ya ce, "Ɗaya. Biyu." A na biyar ƙarfen yana nan ja. Na ce wataƙila akwatin ya yi zafi, aka ce in yi shiru. A na takwas jan ya janye daga bangon tanki. A na goma ya koma ruwan ɗorawa mai shirin kore, abin katse wuta ya zauna lafiya.

"Tsakanin goma da sha biyu ne, Baba. Akwati ba zai iya rantsewa a kan ɗaya ba. Ƙafafun nan biyu masu lafiya su suka san gaskiya, in ka bari na sa mita."

Kawu da kansa ya ɗauko mitar ya miƙa mata. Ta auna ƙafa biyu, ta auna ta tsakiya, ta yi ɗan lissafi a bayan kwali. Sha ɗaya. Zagaye ɗari biyu da ashirin babu su.

"Sha ɗaya, da biyar ɗin da ya mayar," in ji Kawu. "Sha shida."

Alhaji ya dube ni sama da ƙasa. "A tsaye ka ci, ko ka samu wuri ka zauna?" Daga nan fuskarsa ta canja, don ya tuna buhunan da ke jiran sa. "Yanzu sai yaushe, Malam Ɗanjuma?"

"Litinin, in Allah ya kai mu. Ƙirgar shagona ce ta gaza, Alhaji. Ka yi haƙuri."

Alhaji ya tafi da motarsa wayam, bai yi mana sallamar kirki ba.

Kwana huɗun nan Kawu bai ce mini kanzil ba. Bai ce tafi ba, bai ce zauna ba. Ya nuna injin da haɓa kawai. Ni na warware naɗin, ni na sake shi daga zagaye na farko, dubu ɗaya da ɗari takwas, ni ke juyawa ni ke jan waya ni ke shimfiɗa takarda. Yaya na gefe tana ƙirga, in na yi sauri ta ce, "Sannu dai, ba tsere ake ba." Kawu na zaune a benci ya ba mu baya, amma ina ganin leɓensa na motsi. Kafaɗata ta kumbura har ina shiga ƙofa a karkace. A gida na haɗa kayana a bakko na ajiye bayan ƙyaure, don in korar ta zo kada ta same ni ina neman wando. Mahaifiyata ta gani ta ce, "Fartanyar tana nan inda ka bar ta."

Ranar Litinin Yaya ta sake gwadawa a akwati da sabon adadi. Ta ɗora lodin injin casa da na matsa a tare, ta ƙara, ta jefa tsawa. Ƙarfe ya tsaya kore, abin katse wuta ya katse inda ya kamata. Kawu ya tsaya a bayanta har aka gama, ya ce, "Ƙara jefa tsawar mu gani." Aka zuba mai, aka ɗaure murfi, muka bi mota zuwa Zoza. Ba wanda ya ce in hau, ba wanda ya ce in sauka, don haka na hau.

Bayan azahar aka ɗora ta a kan dakalinta, masu wuta suka jona. Ta ɗauki kukanta, siriri, ba gargada. Injin casa ya tashi, na matsa ya bi, matan da ke jira suka fara jan kwarya gaba. Kawu ya ɗora tafin hannu a jikin tanki, daidai saitin ƙafar tsakiya. Ya sauke, ya je ya sha ruwa, ya dawo ya sake ɗorawa. Haka ya yi ta yi har la'asar. Ni ina tsaye daga nesa kaɗan, inda in an yi kira zan ji, in an yi jifa ba za a same ni ba.

Da aka idar da salla ya buɗe jakar kayan aiki, ya fito da ɗan gwangwanin farin fenti da buroshi.

"Kai, Sagiru."

Na matso.

"Rubuta adadin a jikin tanki. Babba, yadda makaho zai shafa ya karanta."

Na rubuta. Takwas ɗin ta fita kamar ƙwarya biyu.

"Sa sunanka a ƙasa."

"Sunana, Kawu?"

"Kai ka naɗa. In ta ƙone, mutanen Zoza su san wanda za su zo nema. Sa har da shagon da za a same ka."